Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga shugabannin ƙungiyoyinmu na Turai kan ƙananan jam'iyyun ƙyamar baƙi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu da yayyenmu, shugabannin ƙungiyoyin 'yan uwanmu mazauna ƙasashen Turai, ina gaishe ku da fama da jama'a. Duk wanda ya daɗe a nan ya san ɗawainiyar da kuke yi. Ku ne kuke tsayawa idan an yi rasuwa, ku ne kuke bin wanda takardunsa suka maƙale daga ofis zuwa ofis, ku ne kuke sasanta ma'aurata cikin dare. Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara muku haƙuri da mu.

Ina rubuto wannan wasiƙa ne a madadin waɗanda muka sami takardar zama 'yan ƙasa a inda muke zaune, da waɗanda suke kan hanyar samu, da kuma 'ya'yanmu da aka haifa a nan, waɗanda ba su san wata ƙasa ba sai wannan. Ni kaina na haura shekara ashirin a Jamus, ina aiki a wani babban rumbun ajiyar kaya, kuma ina da ƙuri'a.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne hukuncin da kuka yanke a zaman da aka yi gabanin zaɓen da ya wuce. Wasu matasanmu sun kawo shawara a ware rana guda a faɗa wa jama'a wanda yake da ikon zaɓe da yadda ake yinsa, kuka ce a bar maganar. Dalilin farko da aka ba mu shi ne baƙo raɓa ne, ba ruwanmu da siyasar masu ƙasa. Na biyu, wai jam'iyyun nan masu tsananin kishin ƙasa da ƙyamar baƙi, a biranen da muke zaune, ƙanana ne, hayaniyarsu ta fi ƙarfinsu, kuma Turawa da kansu ba za su bari su kai ko'ina ba. Na yi shiru a zauren saboda girmanku. Amma maganar ta ƙi barina, don haka ku gafarce ni in faɗi abin da ke raina.

Zan fara da kalmar "ƙanana", domin a nan ne aka yi babban kuskure. Kusan duk jam'iyyar da yau take girgiza Turai, akwai ranar da aka kira ta ƙarama, kuma gaskiya aka faɗa a ranar. A 1974 Jean-Marie Le Pen ya tsaya takarar shugabancin Faransa, bai kai kashi 1 cikin 100 ba. A 2002 ya kai zagaye na biyu. A 2022 'yarsa Marine Le Pen ta sami sama da kashi 41 a zagaye na biyu. A Italiya, jam'iyyar Fratelli d'Italia ta sami kusan kashi 2 a 2013, ta ɗan haura kashi 4 a 2018, sai ga ta da kashi 26 a 2022, shugabarta Giorgia Meloni ta zama firaminista. A Fotugal, Chega kujera ɗaya tak ta samu a 2019. Bayan shekara biyar tana da 50. Vox ta Sifaniya ba ta kai rabin kashi 1 ba a 2016, amma a ƙarshen 2019 tana da kujeru 52. A nan Jamus, da idona na ga yadda jam'iyyar AfD mai ƙyamar baƙi ta kasa shiga majalisar tarayya a 2013 da kashi 4.7, na kuma ji mutane suna cewa shi ke nan, ta mutu. A 2017 ta shiga da kashi 12.6. A Fabrairun 2025 ta zo ta biyu da kashi 20.8. Tsakanin rainin da aka yi mata da wannan sakamako shekara goma sha biyu ne kawai, ƙasa da shekarun da yawancinku kuka yi kuna jagorancinmu. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Ba zan ɓoye ɗaya ɓangaren ba, domin adalci ya wajaba. Da yawa daga cikinsu suna mutuwa a ƙanana. NPD ta Jamus ta kusa shiga majalisar tarayya a 1969 da kashi 4.3, ba ta taɓa shiga ba, har a 2017 Kotun Tsarin Mulki ta ƙi haramta ta bisa hujjar cewa, duk da manufofinta sun saɓa wa tsarin mulki, ba ta da ƙarfin da za ta cim musu. BNP ta Birtaniya ta tura wakilai biyu Majalisar Turai a 2009, yau sai tarihi. Golden Dawn ta Girka ta tashi daga ƙasa da rabin kashi 1 a 2009 zuwa kusan kashi 7 a 2012, ta faɗo ƙasa da shingen kashi 3 na shiga majalisa a 2019, kuma a 2020 kotu ta yanke cewa ƙungiyar masu laifi ce, aka ɗaure shugabanninta. Idan kuka dubi waɗanda suka mutu, za ku ga mafi yawansu sun kasa raba kansu da 'yan daba da tashin hankali, ko rikicin cikin gida ya cinye su. Waɗanda suka rayu su ne suka koyi saka kwat, suka tausasa harshe, suka kori waɗanda ke zubar musu da mutunci a gaban kyamara. Kuma sau da yawa mutuwar ƙaramar jam'iyya ba ta nufin masu zaɓenta sun canza ra'ayi. Wata ce ta gaje su. To wane ne a cikinmu zai iya duban ƙaramar jam'iyyar da take manna fastoci a unguwarsa yau, ya rantse cewa tana cikin masu mutuwa?

Abu na biyu ya fi damuna, domin lissafi ne da ko kaɗan ba a taɓa yi mana bayaninsa a zaurukanmu ba. Makomar ƙaramar jam'iyya tana rataye ne a kan dokar zaɓen ƙasar. A Jamus sai jam'iyya ta kai kashi 5 take shiga majalisar tarayya. A Suwidin kashi 4, a Girka kashi 3, a Danmak kashi 2. A Holan kuwa kujeru 150 ne ake rabawa daidai da ƙuri'u, don haka ƙasa da kashi 1 ya isa a sami kujera. Birtaniya tata daban ce: wanda ya fi ƙuri'a a mazaɓa shi ke ɗauke komai, shi ya sa UKIP, jam'iyyar da ke neman ficewa daga Tarayyar Turai, ta tara ƙuri'u kusan miliyan 4 a 2015 ta tashi da kujera ɗaya, Reform UK kuma ta haura miliyan 4 a 2024 ta sami biyar. Faransa ta gwada duka biyun: da aka yi zaɓen 1986 bisa rabon daidai, Front National, jam'iyyar Le Pen, ta sami kujeru 35, da aka koma tsarin zagaye biyu a 1988 ta dawo kujera ɗaya.

Ga inda abin ya shafe mu. Shingen nan kaso ne na ƙuri'un da aka kaɗa. Idan mutum dubu ɗari suka fito, dubu biyar sun isa tsallake shingen kashi 5. Idan dubu ɗari da ashirin suka fito, sai an kawo dubu shida. Ke nan duk wanda ya fito ya zaɓi wata jam'iyya, ko wace ce, ya ɗaga musu katanga. Duk wanda ya zauna a gida ya rage mata tsawo. Magoya bayan irin waɗannan jam'iyyu suna fitowa da zafinsu, musamman a zaɓukan da sauran mutane suke yi wa riƙon sakainar kashi, irin na ƙananan hukumomi da na Majalisar Turai. A Barking da Dagenham, a gabashin Landan, BNP ta ci kujerun kansiloli 12 a 2006. A 2010 zaɓen kansiloli ya faɗo rana ɗaya da babban zaɓe, mutane suka fito da yawa, masu adawa da ita suka bi gida-gida, ta rasa duka goma sha biyun. Fitowar jama'a ce ta kayar da ita. Kuma tun kafin a kai ga kujera akwai kuɗi: a Jamus, jam'iyyar da ta kai rabin kashi 1 a zaɓen tarayya ko na Majalisar Turai, ko kashi 1 a zaɓen jiha, tana da haƙƙin samun tallafi daga baitulmali. Harajin da ake cire mana a albashi kowane wata yana cikin wannan kuɗi.

Na uku, kun ce ba za su ci zaɓe ba. Ko da hakan ya tabbata, ba sai sun ci ba suke taɓa rayuwarmu. Lokacin da firaministan Birtaniya na wancan lokaci, David Cameron, ya yi alƙawarin ƙuri'ar raba gardama kan ficewa daga Tarayyar Turai, a Janairun 2013, UKIP ba ta da kujera ko ɗaya a majalisar wakilai. Tsoron ƙuri'un da take janyewa daga jam'iyyarsa yana cikin abin da ya tura shi, kuma a 2016 Birtaniya ta zaɓi ficewa. A Danmak, jam'iyyar DF ta sami kashi 12 a 2001, ba ta karɓi minista ko ɗaya ba, ta tsaya a waje tana riƙe da gwamnati. A 2002 aka kafa dokar da ta hana mutum kawo matarsa ko mijinta daga wajen Turai sai dukansu biyu sun kai shekara 24. Daga baya ƙuri'un DF suka zube, daga kashi 21 a 2015 zuwa ƙasa da kashi 3 a 2022, amma tsauraran dokokin sun zauna daram, domin manyan jam'iyyu sun riga sun ɗauke su sun mai da su nasu. A Suwidin, jam'iyyar SD ta shiga majalisa a 2010 da kashi 5.7, sauran jam'iyyu suka yi ta ƙin zama da ita. A 2022 ta haura kashi 20, gwamnati ta kafu da goyon bayanta. A Nuwamban 2023 mafi ƙarancin albashin da ake buƙata don samun izinin aiki ya tashi daga kurona 13,000 a wata zuwa sama da 27,000. Ku tambayi masu aikin shara da wanke-wanke a gidajen abinci na can abin da wannan ya yi musu da lokacin sabunta takarda ya zo. Irin waɗannan matsaloli gabanku suke dawowa, ku ake kira a waya tsakar dare, amma a ranar da za a iya yin wani abu a kansu kun ce ba ruwanmu.

Yanzu in zo kan masu zaɓensu, domin a nan ma ina ganin ba mu yi wa kanmu adalci ba. A zaurukanmu kalma ɗaya muke da ita gare su: masu wariya. Akwai masu wariyar, kuma na haɗu da su, ba sai an ba ni labari ba. Amma da su kaɗai ne, jam'iyyun nan ba za su taɓa wuce kashi biyu ko uku ba. Abin da ke ɗaga su shi ne sauran mutanen da suke taruwa a bayan wannan ƙaramin gungu. Maza sun fi mata yawa a cikinsu. Da yawa ma'aikatan ƙarfi ne da masu ƙananan sana'o'i waɗanda ba su yi jami'a ba. Sun fi yawa a ƙananan garuruwa da karkara da yankunan da masana'antu suka mutu. Arewacin Faransa, yankin da aka daɗe ana haƙar kwal, shekara da shekaru na 'yan gurguzu ne, amma a 2014 garin Hénin-Beaumont ya zaɓi magajin gari daga Front National. A Jamus, AfD ta fi ƙarfi a jihohin gabas, har ta zo ta ɗaya a zaɓen jihar Thüringen a 2024 da kusan kashi 33, alhali gabas ne baƙi suka fi ƙaranci. Wani babban kaso nasu kuma mutane ne da suka daina zaɓe gaba ɗaya, sai wannan jam'iyya ta tashe su. Kada kuma mu ce tsofaffi ne, lokaci zai share su. A zaɓen Majalisar Turai na 2024 AfD ta sami kusan kashi 16 a tsakanin matasa 'yan ƙasa da shekara 25, kuma ta waya ta same su, ta TikTok da ire-irensa, inda 'ya'yanmu ma suke wuni.

Wannan shi ne amsar maganarku cewa a biranenmu ba su da ƙarfi. Gaskiya ne, a manyan biranen da muka taru sun fi rauni. Amma dokar zama ɗan ƙasa da ta haɗa iyali ba a majalisar birni ake yin ta ba. Ƙuri'ar ƙauyen da ba mu taɓa takawa ba da tamu a kwando ɗaya ake zuba su.

Akwai wani abokin aikina, Bajamushe, mun fi shekara takwas muna aikin dare tare. Ranar da aka kwantar da matata a asibiti shi ya karɓi aikina ba tare da na roƙe shi ba. Wata rana a lokacin hutu ya faɗa mini wanda ya zaɓa, jikina ya yi sanyi. Na tambaye shi dalili. Bai fara da baƙi ba. Ya fara da motar haya da ta daina zuwa ƙauyensu da yamma, da likitan da ya yi ritaya ba a kawo wani ba, da kuɗin hayar gida da ke cinye rabin albashinsa, da mahaifiyarsa da ta yi aiki shekara arba'in amma fanshonta ba ya kai ta ƙarshen wata. Sai a ƙarshe ya ce ana kashe wa waɗanda suka zo jiya kuɗi ana barin su. Ya dafa kafaɗata ya ce, ba da kai nake ba, kai ai kana aiki. Na ce masa dokar da za su rubuta ba za ta san sunana ba. Ya yi shiru. Ban ce na canza masa ra'ayi ba, amma na fahimci cewa ni ne kaɗai baƙon da ya taɓa zama da shi ya yi irin wannan magana, kuma damuwarsa ta haya da likita ita ce damuwata. Ruwa ba ya tsami banza. Idan muka ƙi sanin abin da ya kai irinsa can, mun bar shi ga waɗanda suke ce masa mu ne sanadin wahalarsa.

Dole kuma in faɗi abin da ba ma son ji: a cikinmu ma akwai masu zaɓensu. Na ji ɗan uwa yana cewa shi ya shigo ta hanya mai kyau, a rufe ƙofa ga na baya. Na ji wani yana cewa su ne kaɗai suke maganar tarbiyyar iyali. Ƙuri'ar kowa tasa ce, ba na neman a tilasta wa kowa. Amma ya kamata wanda zai yi haka ya san abin da ke rubuce a kundin jam'iyyar game da addininsa da takardarsa kafin ya dangwala.

Game da cewa baƙo raɓa ne, ga abin da ya faru a gidana. A Janairun 2024, da 'yan jarida masu bincike suka fitar da rahoton wani taron sirri da aka yi a Potsdam, wanda rahoton ya ce wasu 'yan AfD sun halarta, an kuma tattauna yadda za a fitar da mutane masu asalin waje daga ƙasar, 'yata ta dawo daga makaranta ta tambaye ni ko mu ma za a kore mu. A nan aka haife ta, fasfonta na nan ne, Jamusanci ya fi Hausa zama a bakinta. Dubban ɗaruruwan Jamusawa suka fito kan tituna a makonnin nan suna cewa ba su yarda ba. Na kai ta, ta ga taron da idonta, hankalinta ya ɗan kwanta. Amma na duba hagu da dama, fuskokinmu ƙalilan ne, kuma babu wata ƙungiyarmu da ta aiko da ko saƙon waya. Raɓa da hantsi take bushewa. Mu kuwa mun yi shekara ashirin, wasu talatin, mun haifi 'ya'ya, wasu sun ga jikoki, mun binne 'yan uwa a ƙasar nan.

Saboda haka, cikin ladabi, ga abin da nake roƙo.

Ku janye wancan hukunci, ku ware zama kafin kowane zaɓe, babba ko ƙarami, a bayyana wa jama'a da Hausa wanda yake da ƙuri'a. Mutane da yawa suna da ita ba su sani ba. A Birtaniya, ɗan Najeriya ko Ghana ko Kamaru da yake da izinin zama yana iya zaɓe har na majalisar ƙasa, saboda ƙasashen suna cikin ƙungiyar ƙasashe renon Ingila, matuƙar ya yi rajista, kuma yanzu sai ya je rumfa da katin shaida mai hoto. A Suwidin, wanda ba ɗan ƙasa ba yana zaɓen ƙaramar hukuma bayan shekara uku da zama. A Holan bayan shekara biyar. A Beljiyam ma shekara biyar, amma sai ya nemi a saka sunansa. A Ailan duk mazaunin ƙasar yana da ƙuri'a a zaɓen ƙananan hukumomi. A Jamus da Faransa kuwa, mu da muka fito daga wajen Tarayyar Turai sai da takardar zama ɗan ƙasa.

Wannan ya kawo ni roƙo na biyu. Tun Yunin 2024 dokar Jamus ta rage jiran neman zama ɗan ƙasa daga shekara takwas zuwa biyar, ta kuma yarda mutum ya riƙe fasfonsa na asali. Akwai 'yan uwa da suka cika sharuɗɗa tun tuni, tsoron cike takardu da jarrabawar harshe ne kawai ya tsayar da su. Ku naɗa mutum biyu ko uku a kowace ƙungiya su riƙa zama da su. Dokar da majalisa ta sassauta, wata majalisar tana iya tsaurara ta.

Ba na neman ku ce a zaɓi wane ko wane, kuma ina roƙon kada ku yi. Ranar da ƙungiya ta zama reshen wata jam'iyya, ranar za ta rabu biyu. Abin da nake nema shi ne a fassara wa mutane abin da kowace jam'iyya ta rubuta game da haya, makaranta, aiki, haɗa iyali da 'yancin addini, a gayyaci 'yan takarar mazaɓa su zo su amsa tambayoyi, kowa ya yanke wa kansa.

Ku kuma fitar da mu daga zaurukanmu. A shiga ƙungiyar ƙwadago ta wurin aiki, a halarci taron iyayen yara a makaranta, a je zaman majalisar unguwa idan ana maganar gidaje ko motocin haya. A birane da yawa na Jamus akwai majalisar ba da shawara da baƙi suke zaɓa da kansu, kuma kujerunta sukan tafi da ƙuri'u kaɗan saboda ba a fitowa. A irin waɗannan wurare ne mutum kamar abokin aikina zai gan mu muna neman abin da yake nema.

Na ƙarshe, ku ba matasan nan da suka kawo shawarar dama su ja ragamar wannan aiki. Sun fi mu harshen ƙasar, sun san abin da ke yawo a wayoyin tsararrakinsu, kuma su ne za su rayu da sakamakon. Ranar da aka mayar da su kujerunsu ba tare da an saurare su ba, na ga biyu daga cikinsu sun fita, ba su sake dawowa taro ba har yau. Ina roƙon ku kira su da kanku.

Idan kun amince, a saka wannan magana a ajandar zama na gaba. Ni na ɗauki nauyin tattara dokokin zaɓe na Jamus in rubuta su da Hausa a shafi biyu, kuma na yi magana da wata 'yar uwa a Birtaniya da wani ɗan uwa a Beljiyam, sun yarda su yi na ƙasashensu.

Idan na yi kuskure a lafazi, ku yafe mini. Allah ya ƙara muku lafiya da basira.

Wassalamu alaikum.

Ƙaninku,
wani ɗan ƙungiya mazaunin Jamus